Abin da Malam Ya Ci a Teku

Sallama ga duk wanda rubutun nan ya faɗa hannunsa, musamman matan da mazajensu ke neman abinci a nesa. Sunana Rabi, a Ƙofar Guga nake zaune, cikin gidan da aka kawo ni ina amarya. Mijina ya rasu a daminar shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Ni ba ma'abuciyar rubutu ba ce, ɗinkin hula nake yi. Amma abin da ya zama ajalinsa ya yi shekaru yana shiga bakinsa muna yi masa barka, kuma ba na so wata ta zauna cikin irin rashin sanin da na zauna.

Mutanen unguwa Lawal Mai Jirgi suke ce masa. Ni Malam nake cewa, haka kuma zan ci gaba da cewa a nan. Bakatsine ne gaba da baya, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba sai da ya bi motar shanu zuwa Ikko yana saurayi. A can ya koyi kanikanci kusa da tashar jiragen ruwa, daga baya aka ɗauke shi a jirgin dakon kaya. Aikinsa zuba wa inji mai da goge shi, can ƙasan jirgi inda rana ba ta shiga. Yakan ce shi a mulkin farar hula na baya ya shiga ruwa, duk juyin mulkin da aka yi ta yi bayan nan sai sun tsaya a wata tasha yake jin labari.

Aurenmu na jira ne. Ya tafi ya yi kusan shekara, ya zo ya yi wata ɗaya ko biyu, ya koma. Haihuwata uku, ɗaya kawai aka yi suna yana gari. Duk zuwan da zai yi sai ka ga ya ƙara ƙiba, wuya ya cika, tumbi ya turo riga. Abokansa su tare shi a ƙofar gida suna cewa, “Mai Jirgi, lalle ruwa ya karɓe ka!” Ni kuma ina daga ciki ina jin daɗi. Idan na ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka, rufe ido yake yi a lomar farko, ba ya magana sai ya side kwanon. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa abin da suke ci a can. Ya yi dariya ya ce, “Abincin Turawa mana.” Ban sake tambaya ba. Idan zai koma nakan ƙulla masa yaji da kuka da daddawa da ɗan kilishi, in ɗauka na gama nawa.

A waccan shekarar ya dawo bayan ƙaramar salla, ba lokacin da muke sa ransa ba. Da ya shigo sai na ga fuskar ta zube, rigar da ya tafi da ita tana yawo a jikinsa, ƙafafu kuwa sun kumbura har takalmin bai shiga sosai ba. Ya ce gajiya ce, kamfani ya ba shi hutu. A babban yatsansa na ƙafar hagu akwai wani ɗan ciwo da ya ce ƙarfe ne ya buge shi tun suna kan ruwa.

Makonnin farko ban ɗauki abin da zafi ba, saboda bazara ta kama, kowa a Katsina ƙishirwa yake ji. Sai dai tasa ta wuce ta kowa. Ya shanye moɗa ya miƙo a ƙaro, bai jima da zama ba ya tashi zuwa bayi. Wata rana ina wanke bayin na ga tururuwa sun yi cincirindo a inda yake fitsari. Na kore su da ruwa, ban san abin da nake gani ba. Ya fara riƙe Alƙur'ani nesa da fuskarsa, daga baya ya ce rubutun yana haɗe masa. Ciwon yatsan nan kuma ko alamar kamewa babu.

Babbar salla ta zo, ya ce rabonsa da ya yi layya a gidansa har ya manta. Ya yanka rago da hannunsa. Kwanakin nan na ga farin cikin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya zauna kusa da kaskon suya yana ɗauka da zafinsa, yana barbaɗa yaji da gishiri, yana cewa, “Wanga nama na san wanda ya yanka shi.” Ban fahimci nauyin maganar ba a lokacin. Kafin naman ya ƙare kumburin ya hau har gwiwa, da safe idanunsa su yi luhu-luhu, kai kuma ya riƙa sara masa ta baya.

Yayarsa, Yaya Indo, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta zo daga Ƙofar Durɓi ta dube shi. Ta ja ni gefe ta ce, “Rabi, mi kike jira? Mutum ya yi shekara da shekaru yana keta gidajen mutanen ruwa, ai dole wata rana su biyo shi.” Ta kawo hayaƙi, ta kawo jiƙo. Wani maƙwabci ya ce basir ne, wani ya ce shawara ce, wani ya ce zuma zalla zai riƙa sha safe da yamma. Duk mun gwada, har zumar. Allah Ya yafe mana. Sai ranar da ya tashi zai yi alwala jiri ya kwashe shi ya faɗi a tsakar gida, sannan ya yarda aka kai shi asibiti.

Wanda bai taɓa bin layin asibitin gwamnati da marar lafiya ba, ba zai gane ba. Ana idar da sallar asuba muka fita, muka tarar da mutane sun riga mu, wasu daga ƙauyuka a nan suka kwana. Layin kati daban, layin ganin likita daban, na gwajin jini da fitsari daban, kowanne kuma da abin da za ka biya. Malam yana zaune a benci, ƙafar a miƙe, ƙudaje suna bin tsumman da na ɗaure yatsan da shi. Ranar farko ba mu ga likita ba. Ta biyu muka gan shi ya tura mu gwaji. Sakamakon bai fito ba sai wani makon.

Likitan wani dattijo ne mai sanyin murya. Ya daɗe yana duba takardun gwajin, sannan ya ɗago ya yi tambayar da ni matar Malam ban taɓa tsayawa na yi da kyau ba.

“Malam, a wurin aikin nan naka, me kake ci? Faɗa mini tun daga safe.”

Malam ya dube ni, ya sunkuyar da kai, sannan ya fara. A nan na ji rayuwar mijina a karon farko, a gaban baƙo.

Ya ce jirgi gari ne guda da aka tara ƙabilun duniya a ciki. Kyaftin Bagirke, manyan injiniyoyi daga Indiya ko Rasha, kuku yawanci ɗan Filifin, sauran ma'aikata daga Gana da kudancin ƙasar nan. Sau da yawa shi kaɗai ne Musulmi. Kuku yana dafa abin da mafi yawa za su ci, kuma alade ba ya rabuwa da tukunyarsa. In babu naman, akwai kitsensa, har a cikin wake. Naman shanu da kaji kuma a ƙanƙare suke zuwa cikin kwali, ba wanda ya san yadda aka yanka su. Tun tafiyarsa ta farko ya ƙudura ba zai ci abin da yake shakka ba.

“To me ya rage maka?” in ji likita.

“Burodi da bota. Shayi, in zuba madarar gwangwani mai kauri ɗin nan har ya yi fari, don shi ke riƙe mini ciki. Farar shinkafa da kifin gwangwani. Taliyar leda mai ɗan ƙullin gishiri a ciki. Ruwan tanki yana warin ƙarfe, sai in sha lemon gwangwani maimakonsa.”

“Ganye fa? Kayan itatuwa?”

“In mun bar tasha ana samu na ɗan lokaci. Daga nan sai wata tashar.”

Ya ƙara da cewa aikin inji ba shi da dare ba shi da rana, lokacin da ka samu kake ci, ka kwanta a kai. Bayansa kuma ya daɗe yana ciwo, akwai akwatin magani a jirgi, yakan ɗebi ƙwayar kashe ciwo ya watsa kamar gyaɗa.

Likita ya ajiye biro. Maganar da ya yi har yau tana kunnena. “Sukari ya daɗe a jikinka. Hawan jini ma ya daɗe. Su biyun da ƙwayoyin nan sun haɗu a kan ƙodarka, ta gaji.”

Malam ya ce, “Likita, ke nan da na ci abin da suke ci da ban kamu ba?”

“A'a. Masu cin wancan ma suna da nasu ciwon, ina ganinsu. Ba tsare addininka ne ya jawo maka ba. Da dai an samu wanda ya tambaye ka abin da za ka iya ci, ya tanadar maka, ko da wake ne da busasshen ganye, da ba mu zo nan ba.”

Ina da ƙorafi a nan, kuma zan faɗa. Kafin kowace tafiya sai an gwada su a Ikko, a buga hatimi a ce lafiyarsu lau. Wane irin gwaji ne wannan da bai ga ciwon da likitanmu ya ce ya yi shekaru ba? Kamfanin kuma da suka ga ya fara kasawa, sallamarsa suka yi, abin da Malam ya kira hutu ke nan don kada hankalina ya tashi. Har ya koma ga Allah ba wanda ya aiko daga wajensu ya ce yaya jiki.

Aka kwantar da shi kusan mako biyu saboda yatsan, ana wanke shi ana yi masa allurar sukari. Muna ɗakin marasa lafiya ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati. Wani mai jinyar mahaifinsa ya kunna rediyo, mutane suka taru a bakin gadonsa, har ma'aikatan jinya. Kowa yana cewa yanzu magani zai wadata, yanzu za a gyara asibiti. Malam ya saurara har aka gama, ya juyo ya ce mini, “Kin san ban taɓa jefa ƙuri'a ba? Duk lokacin da aka yi ina kan ruwa. In Allah Ya kai mu na gaba, tare za mu je.” Na ce Allah Ya kai mu.

Da za a sallame mu likita ya zayyana mini dokokin abinci. Ban da gishiri, ban da kanwa, ban da dunƙulen miya. Ban da sukari da zuma. Nama ɗan kaɗan, tuwo ɗan madaidaici, fura sai dai a kalla. Har ruwan sha sai an auna. Muna hanyar gida Malam ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, “Shekarun nan duka ina can ina mafarkin tukunyarki. Na dawo gaba ɗaya, an rufe ta.”

Wannan shi ne ya fi komai yi mini wuya a jinyar. Wankin ciwo bai dame ni ba, tashi da shi zuwa bayi bai dame ni ba. Amma in dafa wa yara miya, ƙamshin daddawa ya cika gida, sannan in kai masa tasa salam kamar ruwan wanke kwano. Ba ya ƙorafi. Ya ci loma kaɗan ya ture ya ce ya ƙoshi. Daga baya na daina girki biyu, na ce kowa ya ci irin nasa, mai son gishiri ya je bayan ɗaki ya barbaɗa inda ba zai gani ba.

Yaya Indo ba ta yarda da dokar likita ba. “Ciwo bai kashe shi ba, yunwa za ta kashe shi,” haka take cewa. Wata rana na dawo daga sayen magani na tarar da kwanon fura a gefen gadonsa, an sha rabi, da kwalbar wani jiƙo mai kanwa. Ranar ya wuni yana amai. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka kawo ni gidan, amma ranar na ce, “Yaya, don girman Allah, in kina son ƙanenki ki bar ni da abin da likita ya ce.” Ta dube ni ido cike da hawaye ta ce, “Ni na goya shi, Rabi. Yana kallona yana ce mini fura yake so, in ce masa mi?” Muka zauna muka yi kuka tare. Kuma ina shaida a gaban Allah, matar nan ita ta wanke kayansa da hannunta duk tsawon jinyar, ita ta sayar da awakinta ta kawo mini kuɗin ba tare da na roƙa ba.

Akwai abin da ban zata ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kewar gida, sai ga shi a gida yana kewar ruwa. Barci ya ƙi masa, ya ce shirun ya yi yawa, kunnensa ya saba da rurin inji. Maƙwabtanmu suna da injin niƙa a jikin katangarmu, wanda na yi shekaru ina tsinewa a raina. Malam ya sa aka mayar da gadonsa jikin wannan bangon. Da hantsi, in an tayar da injin, bango ya fara rawa, sai ka ga jikinsa ya saki, barci ya ɗauke shi kamar jariri. Nakan zauna da hulata ina ɗinki ina kallonsa, wani lokaci har in ji haushin tekun da ban taɓa gani ba.

In ya farka ina wanke masa ƙafa, sai ya yi ta ba ni labari. Garin da rana ba ta faɗuwa sai wajen lokacin da mu muke barci. Kifayen da ke tsalle suna rakiyar jirgi. Yadda alƙibla ke juya masa yana tsakiyar salla in jirgi ya karkata. Muna da 'ya'ya har da mai aure, amma ba mu taɓa yin hira mai tsawo irin ta watannin nan ba. A da in ya zo, baƙi ne cike da zaure har ranar komawa.

Ruwan farko ya sauka ke nan muka yi baƙo. Wani dogon mutum baƙi ya yi sallama da Hausar Zazzau, ya ce sunansa Tamuno, daga Fatakwal, tare suke aikin inji da Malam. Kirista ne, a Zariya ya girma inda mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa. Ya ji labari a Ikko, ya hau mota ya taho. Da suka haɗa ido Malam ya yunƙura zai tashi, Tamuno ya durƙusa ya rungume shi a zaune, suka daɗe a haka. Tsarabarsa busasshen kifi ne mai gishiri. Da na gaya masa an hana, ya dafe kai ya ce shi ma likita ya hana shi, hawan jini gare shi, rabin abokan aikinsu haka suke.

Kwana biyu ya yi a zaurenmu. A bakinsa na ji sauran abin da Malam ya ɓoye.

“Hajiya,” haka yake ce mini ko da yake ban je hajji ba, “mutumin nan a ƙarshen tebur yake zama da burodinsa, mu muna cin nama. Na sha ce masa, Lawal, Allahnka Ya san kana tsakiyar teku. Sai ya ce ai shi ya sa.”

Ya ce yajin da nake ƙulla masa ba ya wata guda, domin kowa a jirgin ya san shi, har Bagirken kyaftin yakan aiko a sammasa. Ya ce akwai tafiyar da aka yi sa'a kuku Musulmi ne daga Indunusiya, ya ware wa Malam tukunya, yana dafa masa wake da kifi ɗanye da ganye. A watannin nan, in ji shi, Malam har waƙa yake yi a ɗakin inji. Da kwangilar mutumin ta ƙare aka koma gidan jiya.

Ya ba mu dariya da labarin ranar da Malam ya lallashi wani kuku ya ba shi wuta, ya tuƙa tuwo da garin alkama, ya kaɗa miyar kuka. Ma'aikata suka leƙa suka ga abu kore yana yauƙi, kowa ya gudu. Malam yana dariya har da tari. Sai Tamuno ya rage murya ya ce, “Ni kaɗai na zauna na ci tare da shi. Yana ci hawaye na zuba a kwanon. Ya ce ba haka na gidansa yake ba.”

Shi ne kuma ya gaya mini cewa a azumin da ya wuce Malam ya faɗi a ɗakin inji. Wurin zafi ne kamar tanderu, yana azumi, sahur ɗinsa shayi da burodi, buɗa-bakinsa lemon gwangwani. Tamuno ne ya ɗauko shi a kafaɗa ya hau da shi sama. Na gode wa mutumin nan, ina kuma gode masa har gobe. Da zai tafi Yaya Indo da kanta ta ba shi hular da na ɗinka.

Bayan tafiyarsa jikin ya ƙara lalacewa. Fitsarin da a da ba ya tsayawa sai ya koma ɗan kaɗan. Numfashi ya yi nauyi, ba ya iya kwanciya sai a jingine, jikinsa yana ƙaiƙayi, bakinsa yana wani irin wari. Likita ya ce abin da ya rage shi ne wankin ƙoda, kuma sai Kano. Malam yana da fili a Kambarawa da ya saya don ya gina mana gida in ya bar aiki, har ya sa an kafe wurin da za a dasa darbejiya. Muka sayar. Muka riƙa zuwa Kano, a haɗa shi da na'ura ta ja jininsa ta tace ta mayar. Duk wankin da aka yi sai idonsa ya washe, ya nemi abinci, ya yi mini tsiya. Kwana kaɗan kuma ya koma yadda yake. Hanya tana gajiyar da shi, kuɗin filin yana narkewa muna gani, kuma abin ba ranar gamawa gare shi ba.

Wata rana muna fitowa daga wankin, yana zaune a kan dakali muna jiran mota, ya ce, “Rabi, ya isa. Na gaji da tafiya. Duk rayuwata a hanya na yi ta. Ki kai ni gida ki bar ni a can.” Na yi masa gardama, na ce akwai sarƙata, akwai keken ɗinkin ɗiyarmu. Ya girgiza kai ya ce, “Ba don kuɗi ba. So nake in zauna wuri ɗaya.”

Na koma wajen likitanmu na Katsina ni kaɗai na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya rubuta abin da zai rage masa wahala, sannan ya ce, “Malama, daga yau ki ba shi duk abin da ransa yake so.” Na tsaya ina kallonsa. Wata da watanni ina jiran ranar da za a ɗage dokar nan, da aka ɗage kuma na gane abin da ɗagewar take nufi.

Washegari na jiƙa dawa na kai niƙa. Na sayo kuka sabuwa, daddawa mai kyau, ɗan nama mai ƙashi, na sa gishiri daidai yadda hannuna ya saba a da, na zuba man shanu a kai. Yaya Indo ta dama fura. Muka jingina shi da filo, na wanke masa hannu. Ya daɗe yana shaƙar tururin kafin ya gutsura. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali. Ya kai ta biyu. Sai ya ajiye hannu a gefen kwanon.

“Yaya, Malam? Gishirin ya yi?”

“Ban ji ba, Rabi. Bakin ya mutu, komai ɗaci yake mini. Amma kada ki ɗauke. Bar shi nan kusa, ina jin ƙamshin.”

Na bar kwanon a gefensa har ya huce. Bai sake neman abinci ba bayan wannan. Ya yi 'yan kwanaki yana barci yana farkawa, in ya farka ya nemi hannuna. Ranar wata Talata da hantsi, an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, Yaya Indo tana karanta masa kalmar shahada yana bi da leɓe, Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Ga abin da nake so a ɗauka daga labarin nan. In naki yana aiki a inda ba a dafa irin abincinsa, jirgi ne ko wata ƙasa, ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da yake ci, tun daga safe har dare, kada ki yarda da dariya a matsayin amsa. Ƙibar da yake dawowa da ita ba lalle lafiya ba ce. In ya zo hutu a kai shi a gwada jini da fitsari ko yana cewa lafiyarsa lau. Ƙishirwar da ba ta ƙarewa, ciwon da ya ƙi warkewa, kumburin ƙafa, kada a tsaya jiƙo. Samarin da ke sha'awar aikin jirgi kuma, kafin ku tambayi albashi ku tambayi wa ke girki, ku buɗe baki ku faɗi abin da ba ku ci da abin da za a ba ku a madadinsa. Malam kunya da gudun rigima suka sa bai taɓa nema ba.

Ina cikin takaba mata suna ta zuwa gaisuwa. Wata maƙwabciyata, da kyakkyawar niyya, ta dafa ni ta ce, “Ke dai Rabi da sauƙi. Ai kin saba zama babu shi.”

Na so in yi shiru, amma maganar ta fito da kanta. Na ce, “Ban taɓa zama babu shi ba. A da jiransa nake yi, ko shara nake ina sauraron tsayuwar mota a ƙofar gida. Yanzu motar na tsayawa, kunnena na miƙewa kamar kullum, sai in tuna.”

Ta ɗauke hannunta a hankali, ta ce in yi haƙuri. Na ce ina yi.